Injin da Malam Haruna Ya Aike Ni Na Gano

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallacinmu na Nima, a nan Ankara ta Gana, ake tare ni, a wurin mai koko ake tare ni, har a Abossey Okai da na je neman bel ɗin fanka wani ya bar shagonsa ya biyo ni, wai da gaske ne injin yana magana da harshe bakwai. Wani kuma ya ji cewa ya kai girman kasuwar Agbogbloshie. Na lura duk wanda na ba labarin da baki, kafin ya isa Maamobi ya ƙara masa ɗaki biyu da baranda. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna, don wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, aikina gyaran injin sanyi. Na yi shekaru masu yawa a jirgin ruwa ina kula da ɗakin da ake ajiye kifi da ayaba. Na kwana a Liverpool da Hamburg da Dakar da Jidda, na tsinci Turanci da Faransanci da ɗan Larabcin kasuwa, a kan Hausa da harsunan Tuwi da Ga da na tashi da su. Da ƙafa ta gaji sai na sauka na kama aiki a wani ɗakin sanyi na kifi a Tema. Masu wurin ne suka tura ni Ingila, a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan, in duba musu wasu tsofaffin kwamfresa, wato injinan da ke ba da sanyin, kafin a ɗoro su a jirgi. Wannan shi ne aikin da ke rubuce a takarda. Wanda ya hana ni sukuni daban ne.

Malam Haruna aminina ne tun muna samari. Yana karantar da manya a zaurensa na Maamobi, kuma in an yi rasuwa shi ake kira rabon gado, don kansa na da kaifi a lissafi. Ɗansa na fari, Mumuni, ya gado kan, ya yi karatun lantarki a Kumasi, ya wuce Ingila, aka ɗauke shi aiki a wata cibiya ta masu nazarin iska da gajimare. Wasiƙarsa ta farko daga wurin aikin da Turanci ya rubuto ta, aka kawo mini in karanta. Nan na yi kuskuren da ya ci mana shekara shida. Maimakon in ja Malam ɗaki, sai daɗi ya ɗebe ni na buɗe ta a zaure bayan la'asar, ɗalibai cike, na yi ta fassara da ƙarfi. Mumuni kuwa, da zumuɗin sabon aiki, ya rubuta cewa an ba shi kula da injin da ba kamarsa a duniya, injin da ya san inda ruwa zai sauka kwana goma kafin ya sauka.

Wani ɗalibi, mutumin Damagaram, ya tambaya a hankali ko ba a satin nan Malam ya karantar da su cewa saukar ruwa na cikin abubuwan da Allah ya keɓe wa kansa saninsu ba. Da a ɗaki ne, da Malam ya ce a rubuta wa yaron a ji ƙarin bayani. A gaban ɗalibansa kuwa ba shi da wurin juyawa. Ya ce mai yi wa ɗan duba hidima shi ma ɗan duba ne, ko da ƙasa ake bugawa ko da ƙarfe, kuma har sai Mumuni ya bar wannan aiki babu magana tsakaninsu. Tun daga ranar wasiƙun Mumuni a akwatin mahaifiyarsa, Hajiya Adiza, suke taruwa. An yi masa haihuwa sau biyu, Malam bai aika da suna ba.

Ana saura kwana biyu in tashi, Hajiya ta zo gidana da kwalbar shito, soyayyen barkonon nan mai kifi, da ƙullin goro da kilishi, ta ce in duba mata ko Mumuni yana cin abinci. Washegari Malam ya aiko kirana. Idonsa ya yi rauni sosai a lokacin, ƙafa kuma ta kumbura, rabonsa da bakin titi an fi shekara.

"Alhaji, kai ka san inji, ni ban sani ba," in ji shi. "Ka je ka tsaya a gabansa ka duba, ka dawo ka faɗa mini abin da yake. Kada ka ƙara don kana son yaron, kada ka rage don kana jin nauyina. Jikina ya fara ba ni labari. Ba na so in tafi da hukuncin da na yanke a kan abin da ban gani ba."

A jirgin sama na zauna kusa da wata 'yar kasuwa 'yar ƙabilar Ga, mai sayar da atamfa, wadda za ta wurin 'yarta. Da ta ji ina jin Ga sai ta mai da ni ɗan'uwa, ta ɗora mini jakarta guda a cinya, ta ce maza ba sa ɗaukar kaya shi ya sa suke da wuri. Tun daga Ankara har muka sauka take ba ni labarin surukinta, kuma ban ji wani laifin da ya yi ba sai rashin cin barkono.

A wurin masu duba kaya ne na buɗe akwati na tarar kwalbar Hajiya ta saki baki. Shito ya bi farar rigata tun daga wuya har aljihu, ƙamshin kifi da barkono ya cika layin. Ma'aikacin, wani saurayi mai jan gashi, ya karɓe kilishin, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Ya ɗaga goro ɗaya yana juyawa, ya tambaye ni ko iri ne na shuka. Na fasa, na tauna rabi, na miƙa masa rabi. Ya gatsa, ya runtse ido kamar an ɗura masa magani, ya ce in wannan muke ci don nishaɗi, ba ya so ya ga abin da muke sha in ba mu da lafiya. Ya bar mini goron. A Jidda an taɓa zubar mini da goro gaba ɗaya ba tare da an ko dube ni ba, don haka na yi masa godiya.

Kwamfresan suna wani garin masunta a arewa. Na sauka a gidan wani dattijo mutumin Yaman da ke ba tsofaffin ma'aikatan jirgi ɗaki, inda aƙalla akwai buta da alƙibla. Abincin gari kuwa dankali ne dafaffe da kifi, babu gishiri isasshe, babu yaji ko na kallo. Faransawa in ba su sa barkono ba sukan sa tafarnuwa da man shanu su rarrashe ka. Mutanen Ingila ruwa kawai suke sawa su yi fatan alheri. Abin da ya rage a gindin kwalbar Hajiya shi ya riƙe mu, ni da mai gidan, har kwana huɗun da na yi na gama aikin da aka aike ni. Daga nan na hau jirgin ƙasa zuwa garin da Mumuni yake. Na yi sallama a taragon, kowa ya ɗaga jarida ya rufe fuska. A trotro, motar hayarmu, daga Nima zuwa Sakul, kafin ka sauka ka san wanda matarsa ta haihu da wanda ya yi faɗa da mai gidan haya. Nan kuwa awa uku na yi ban san ko maƙwabcina yana da murya ba.

Mumuni na jirana a tasha. Ya durƙusa har ƙasa a kan dandamalin ya gaishe ni, Turawa na ratsa mu suna kallo, sai na ga furfura a gefen kansa. Matarsa Rukaya, 'yar Zongon Kumasi, nas ce a asibitin garin. Ta tuƙa mana tuwo da garin shinkafa, ta yi miya da alayyahon Turawa, ta ba da haƙuri cewa ayoyo ba ya zuwa nan. Bayan mun ci na ba shi goron mahaifiyarsa, na gaya masa aiken mahaifinsa kalma da kalma. Ya daɗe yana juya goro a hannu.

"Baba, hanya mai sauƙi tana nan," in ji shi, da Hausarsa ta Nima da ba ta canza ba. "Ka ce masa na bar aikin, ina gyaran rediyo. Wa zai zo ya duba? Ni dai ina so in ji muryarsa kafin abin da ake tsoro ya faru."

Na ce masa da zan iya da na yi, amma bakina ne ya ɓata wannan magana tun farko, ba zan gyara ta da ƙarya ba. Na ce ya kai ni in gani kawai.

Sai da ya yi kwana biyu yana neman izini. Muka je da safe, a lokacin da sukan tsayar da injin na ɗan lokaci don dubawa. A ƙofa aka liƙa mini takarda a ƙirji. Da muka isa ɗakin na ga ƙasan fari tas yana sheƙi, sai na cire takalmi na ajiye a gefe, yadda kowane mai tarbiyya zai yi. Ashe ƙasan katako ne mai ramuka, iska mai sanyi na busowa daga ƙarƙashi. Tafin ƙafata ya ƙandare, shuɗiyar rigata ta kumbura ta tashi kamar lema. Wani tsohon Bature mai kayan aiki a aljihu ya ɗauko takalman ya kawo mini da hannu biyu, yana danne dariya. Shi ne Mista Tom, mai kula da sanyin injin.

To, ga abin da na gani. Su kwamfuta suke kiransa, amma bai yi kama da komai da na sani ba. Tsawonsa ya ɗan ɗara dogon mutum. Ginshiƙai ne goma sha biyu a tsaye, an jera su a lanƙwashe kamar da'irar da ba a gama rufewa ba, an bar ƙofa a gefe guda da rami a tsakiya. Kewaye da gindinsa akwai benci mai katifa lulluɓe da fata. Na taɓa ganin wuraren tsafi a bakin teku wajen Togo, abu a tsaye a tsakiya, wurin zama kewaye da shi. Na ce a raina, yau in na faɗi gaskiya na kashe yaron nan.

Mumuni ya ɗaga katifa ɗaya. A ƙarƙashi na'urorin da ke rage ƙarfin wuta ne, manya, masu ɗumi. Ya ce an rasa inda za a sa su kusa da jikin injin, sai aka zagaye shi da su, aka rufe da katifa don kada su yi muni. Na zauna a kai, na ji ɗumi a mazaunina, wanda ya yi mini daɗi bayan abin da ƙafata ta sha.

Sannan ya ce in shiga tsakiya. Na shiga a karkace. Bangon ciki gaba ɗaya waya ne, shuɗi da fari, siriri kamar zaren ɗinki, an murɗe su bibbiyu, sun cunkushe har kauri ya kai tafin hannu. Ban ga abin da ya yi kama da shi ba sai tarun masunta na Chorkor in an tara shi a kan yashi. Ya ce mata ne suka saƙa shi da hannu, waya ɗaya-ɗaya, tsawon watanni, kowace an auna ta an yanka daidai. Na tambayi dalilin lanƙwasar. Ya ce saƙon lantarki, duk saurinsa, yana cin lokaci a cikin waya. Injin kuwa yana buga aikinsa da sauri har saƙo ba ya iya wuce 'yan taku kaɗan kafin bugu na gaba ya zo. Da an jera ginshiƙan a miƙe kamar shaguna, da na farko ya yi wa na ƙarshe nisa. Da aka lanƙwasa su suka fuskanci juna ta ciki, sai babu wayar da ta fi hannu biyu tsawo. Kuma dole saƙonni su iso tare, in ɗaya ya riga ɗaya lissafi ya lalace, shi ya sa aka auna su. Ashe da'irar da ta tsorata ni gajarta hanya ce kawai.

Ya ce ba a yi wa injin magana kai tsaye. Ya nuna mini wani inji daban a gefe, wanda shi ke karɓar aiki daga mutane, ya tsara, ya miƙa, ya karɓo amsa. Na ce wannan ai sarautar Asante ce, sarki na zaune kana ganinsa, amma sai ta bakin kakakinsa mai sanda za ka yi masa magana. Game da saurinsa kuwa, na sha wuya kafin in gane, har sai da na tuna ranar da muka zuba kankaren saman masallacinmu. Da mutum ɗaya ne zai ɗebi kwano ya hau tsani ya juye ya sauko, da har yau muna nan. Sai muka yi layi, kwano na bin kwano hannu zuwa hannu, kowane ƙiftawar ido ɗaya na juyewa a sama. Mumuni ya ce haka yake yi da lambobi, ba ya ɗaukar ɗaya ya jira ta gama, jeri guda yake turawa suna bin juna.

Muna cikin haka aka gano allo ɗaya ya lalace. Mumuni ya zaro shi daga ginshiƙi kamar yadda ake zaro littafi, ya miƙo mini. Ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe jere a kai, an manna allon a jikin farantin jan ƙarfe. Ya ce injin yana yawan kwanciya haka, aikinsa shi ne ya nemo inda ciwon yake ya canza. Na tambayi amfanin jan ƙarfen. Mista Tom ya ce wannan tambayar tasa ce, ya ja ni ƙasa.

Ƙwayoyin nan, saboda an cusa su kusa da juna, zafi suke yi kamar murhu. Jan ƙarfen na kwashe zafin ya kai gefe, inda yake manne da sanduna masu sanyi, a cikin sandunan kuma bututu ne da gas ke zagayawa. Da muka sauka ɗakin ƙasa, tun kafin a kunna fitila na ji sautin da na yi shekara talatin ina ji. Kwamfresa ne, irin nawa na Tema, gas ɗin ma irin wanda nake ɗurawa ne, har warin man ɗaya. Na dafa bututun dawowa na ji sanyinsa daidai. Mista Tom ya ga yadda na dafa, ya tambaye ni wane jirgi na yi. Ashe shi ma ya yi jirgin ruwa, ya san Takoradi, har yana tuna wata mai sayar da soyayyar doya a bakin tashar. Ya buga kwamfresan da tafin hannu ya ce duk masu digirin da ke sama da shi suke taƙama, in ya kashe wannan, babban malamin nasu zai dafa kansa kafin a tafasa shayi.

Sai dai duk wannan jikin injin ne. Abin da Malam ya aike ni a kansa shi ne maganar ruwa. Mumuni ya kai ni wurin wata mata mai furfura, a ɗakin da taswirori suka rufe bango. Na tambaye ta daga ina injin yake samun labarin gobe. Ta ce ba ya samun labarin gobe, labarin yau ake ba shi. Mutane a ƙasashe da yawa suna auna zafi da nauyin iska da inda ta nufa, wasu a tudu, wasu da balo a sama, wasu a jiragen ruwa, su aiko da lambobi. Injin sai ya lissafa, in iska mai wannan nauyi tana tafiya haka, ina za ta kai nan da awa kaza. Lissafin da mutane za su iya da fensir ne, sai dai kafin su gama ruwan ya sauka ya bushe. Da ta ambaci jiragen ruwa sai na tuna namu. Sau nawa hafsan jirginmu ya sa ni na jefa guga a teku na jawo ruwa, ya tsoma ma'auni, ya rubuta, ya kai wa mai rediyo. Ban taɓa tambayar inda lambobin suke zuwa ba.

Ta nuna mini taswirori bibbiyu a jere. Ta hagu abin da injin ya ce zai faru, ta dama abin da ya faru. Inda suka saɓa an zagaye da jan alƙalami, kuma jan ya yi yawa. Ta ce akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai tattara kurakuran nan. Na kwana biyu ko uku yakan yi kusa, daga nan sai ya fara lalube. Na sa yatsa a kan Gana na ce nan fa. Ta yi murmushi ta ce a wajenmu ne ya fi rauni, don masu aiko da awo kaɗan ne, ruwanmu kuma yakan haɗu ya zuba cikin awa guda ba tare da ya yi sallama ba. Mumuni na tsaye a bayana, kansa a ƙasa. Da muka fito ya ce da ya san abin da ya sani yanzu, da bai rubuta waccan wasiƙa haka ba.

Ranar da na dawo ban je Maamobi ba, sai washegari da hantsi, lokacin da babu ɗalibai. A ɗakinsa muka zauna, mu biyu, Hajiya na bayan labule tana tsintar shinkafar da na tabbata ba ta da tsakuwa. Na fara daga farko, ban tsallake bencin ba. Da na ce abu ne a tsaye a da'ira, da wurin zama kewaye da shi, Malam ya daina jan carbi.

"Suna zama su kewaye shi?"

Na ce suna zama, ni ma na zauna, amma yawanci don su ɗaura takalmi ko su jira a gama gyara. Bai yi dariya ba. Ya tambayi abin da ke cikin ramin, da wanda aka hana shiga. Na ce ni na shiga, waya ce kawai da mata suka saƙa. Na ba shi dalilin lanƙwasar, ya sa na maimaita sau biyu. Ya ce ashe abin ma nisa na wahalar da shi. Na gaya masa allon da ya lalace a gabana, da kwamfresan da ke ƙasa, da gugan da na riƙa jefawa a teku. Ya tambaya ko ana yanka masa wani abu, ko ana kiran wani suna kafin a kunna. Na ce wuta yake ci da sanyi, ba zan ce komai ba sai abin da na gani.

"Yana kuskure?"

Na ce yana yi, da yawa, a kan ƙasarmu ma ya fi yi.

"In ya yi, me suke cewa?"

Na ce ba sa cewa komai, zagayewa suke da jan alƙalami su liƙa a bango, kowa ya gani.

Sannan ya ce shi ya san 'yan duba da yawa a garin nan, wasu ma sun yi karatu a zaurensa, bai taɓa ganin wanda ya tara kurakuransa ya liƙa a bango ba. Ya ce manomi ma yakan dubi gabas ya ce za a yi ruwa, ba a taɓa cewa ya shiga hurumin Ubangiji ba, don ya san zato yake yi. Daga nan ya tambaye ni labarin hanya, ya sallame ni. Bai ce ya janye ba, ni kuma ban tambaya ba.

Kwana uku bayan haka ya aiko in zo da tasi. Na tarar ya sa babbar riga da rawani. Da ƙyar muka fito da shi ta lungu, ni da Hajiya muna riƙe da shi, mutanen unguwa na fitowa suna gaisuwa don sun daɗe ba su gan shi a waje ba. Ofishin waya na cikin gari muka je, inda ake ba da lamba a zauna a jira layin ƙasar waje. Ranar Asabar ce, na san Mumuni na gida. Muka jira tun hantsi har aka kusa azahar. Da aka kira mu, ma'aikaciyar ta ce minti uku ne, in sun cika layin zai yanke da kansa. Na roƙi Malam ya tafi kai tsaye ga magana.

Na sa masa kan wayar a kunne. Ya yi sallama. Ya tambayi lafiyar Mumuni, da gajiya, da aiki, da sanyi. Ya tambayi Rukaya, da iyayen Rukaya a Kumasi, da yara ɗaya bayan ɗaya, har da sunayensu, ya maimaita kowane suna a hankali. Ni kuwa ina ta kallon agogon bango. Bai ambaci inji ba, bai ambaci wasiƙa ba, bai ambaci shekara shida ba. Hajiya ta kama gefen rigarsa tana ja. Sai da allurar ta kusa cika ya gyara murya.

"Mumuni, ka riƙe aikinka da amana. Allah ya yi maka albarka."

Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne. Can ya miƙo mini ya ce ba ya jin komai. Na saurara, layin ya yanke, kuma babu wanda ya san ko kafin maganar ne ko bayanta. Na ce bari in koma in sake ba da lamba. Ma'aikaciyar ta ce sai Litinin. Malam ya ce a bar shi, shi dai ya faɗa, kuma wanda ya kamata ya ji ya ji.

Ni ban iya barinsa haka ba. Sati biyu ina zuwa gidan waya duba akwati, har wasiƙar Mumuni ta iso. Wannan karon da Hausa ya rubuto, layi huɗu kacal. Na kai wa Malam a ɗaki, na rufe ƙofa, na karanta masa a hankali. Mumuni ya ce ya ji, har ya amsa da amin, sai dai bai sani ba ko amin ɗin ta iso.